Yadda Ake Gano Matsalar Wayoyin Tarho a Cikin Gida, a Kuma Gyara Ta

Ka ɗaga kan tarho ka kara a kunne, sai ka ji tsit. Ko kuwa layin na nan, amma kana magana kana jin wani ƙugi a ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma ya faɗa kwalba. Galibin mutane idan haka ta faru ɗayan biyu suke yi: ko su kira kamfani su naɗe hannu suna jiran ma'aikaci, ko su ɗauko sukundireba su bi soket ɗin gidan suna kwancewa ɗaya bayan ɗaya, lalube cikin duhu. Akwai hanyar da ta fi waɗannan sauƙi. Layin tarho wayoyi biyu ne kacal, kuma duk inda matsala ta ɓuya, za ka cim mata idan ka riƙa raba hanyar gida biyu, kana tambaya: a wannan ɓangaren take ko a wancan? Wanda ya wanke kansa ka sallame shi, wanda ya rage ka sake raba shi biyu, har ka ƙure ta.

Da yake a Hausa kalmar waya ta haɗa na'urar da ake magana da ita da kuma zaren ƙarfen da ke cikin bango, a nan na'urar zan riƙa kiranta tarho, zaren jan ƙarfen kuma waya. Wadda ke tasowa daga tarho zuwa bango, igiya.

Abin da ke gudana a cikin wayoyin nan biyu

Tsohon layin tarho ba ya shan wutar gidanka. Daga cibiyar kamfani ake turo masa tasa wutar, daga manyan batura, shi ya sa tarho mai igiya ke aiki ko an ɗauke wuta. Idan kan tarho na ajiye a mazauninsa, tsakanin wayoyin biyu akwai kimanin bolt 48 na wuta irin ta batir. Da zarar ka ɗaga, hanya ta rufu, wuta ta soma zagayawa, ƙarfin ya faɗi zuwa ƙasa da bolt 12 galibi. Wannan zagayawar ce ke shaida wa cibiya cewa wani ya ɗaga, sai ta aiko da amon nan da kake ji kafin ka danna lamba. Idan kuma kira ya shigo, cibiya kan aiko da wuta mai kai-komo, kimanin bolt 75 zuwa 90, domin ta kaɗa ƙararrawa.

Wanda ya riƙe wannan bayanin ya gama rabin aiki, don kuwa cututtukan layi ba su da yawa. Ko waya ta yanke, wuta ta rasa hanya. Ko wayoyin biyu sun haɗe da juna, cibiya ta ɗauka an ɗaga tarho ba a mayar ba. Ko ɗaya ta taɓa ƙasa, ko ƙarfe, ko bango mai laima. Ko kuma mahaɗa ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa, tana kamawa tana saki. Duk wani ƙugi da ƙaraf-ƙaraf da shiru da za ka ji, daga ɗayan waɗannan ya fito, in ba na'urar da aka jona ce ta lalace ba.

Kafin ka taɓa komai

Bolt 48 ba ya yi wa busasshen hannu wani abin kirki, amma idan kira ya shigo kana riƙe da tsirarar waya, za ta ja ka, kuma in kana kan tsani zaburar kaɗai ta isa ta kayar da kai. Saboda haka ka raba gidan da layin kamfani kafin ka fara aiki a kan wayoyi, yanzu za mu zo kan yadda ake yi. Kada ka yi aikin nan ana hadari ko walƙiya, ko da tsawar daga nesa kake jin ta, domin waya na iya kwaso ta daga wuri mai nisa ta kawo maka har hannu. Kada ka tsaya a jiƙaƙƙen wuri. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya bar wa wani aikin. In kuma ka buɗe wani murfi ka ga wayoyi masu kauri, to na wutar gida ne, ka mayar ka rufe. Wayar tarho siririya ce, kaurin ƙarfenta kamar rabin milimita.

Kayan aiki kaɗan ne: sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, 'yar filaya mai dogon baki, abin fere waya, tocila, da maltimita in akwai, wato 'yar na'urar auna wuta, wadda zan riƙa kira mita. Amma wanda ya fi su duka amfani shi ne tarho mai igiya, marar batir, wanda ba a jona shi da wutar gida, wanda kuma ka tabbata lafiyarsa lau, tare da igiyar da ka yarda da ita. In ba ka tabbata ba, kai shi wani gida mai layi ka gwada. Wanda ya yi gwaji da tarho mai ciwo, duk soket ɗin da ya je zai ga laifi, alhali laifin na hannunsa.

Mataki na farko: kira kanka

Ɗauki wayar salula ka kira lambar gidan, ka saurara da kyau. Wannan kiran na minti ɗaya yana faɗa maka abu mai yawa.

Idan ka ji alamar ana kan layi, ko aka wuce da kai kai tsaye wurin ajiye saƙo, alhali ba mai magana, to ko an bar wani tarho a ɗage, ko wayoyi sun haɗe. Idan a salula kana jin yana ringin lafiya lau amma gidan ba abin da ya motsa, yankewa ce ta fi kama da gaskiya: cibiya na aiko da kira, ba ya isowa. Idan kuwa ya yi ƙara sau ɗaya, ko ma rabi, sai ya katse ko ya koma shuuu, ka fara zargin laima. Ruwa ko tsatsa sun yi 'yar gada tsakanin wayoyin biyu, wadda bolt 48 bai isa ya tsallaka sosai ba, amma da wutar ƙararrawa ta zo da ƙarfinta sai ta haye, cibiya ta zaci an amsa.

Daga nan ka zagaya gidan ka duba kowane tarho ya zauna daram a mazauninsa. Kada ka raina wannan. Littafi ya tokare kan tarho, ko yaro ya ja igiya, ya isa ya kashe layin gida gaba ɗaya.

Mataki na biyu: je kan iyaka

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kowane layi yana da wurin da haƙƙin kamfani ya ƙare, naka ya fara. A Amurka da Kanada, akwati ne na roba mai launin toka a jikin bangon waje, galibi kusa da mitar wuta. Yana da ɓangare biyu, na kamfani a kulle, na mai gida kuma ana buɗe shi da sukundireba. A ciki akwai soket na gwaji: ka zare ɗan fulogin da ke ciki, ko ka buɗe 'yar ƙofarsa, shi ke nan ka raba duk wayoyin gidan da layin. A Biritaniya kuwa babban soket ne a cikin gida, wanda ake kira NTE5. Idan ka cire rabin fuskarsa na ƙasa, wayoyin sauran ɗakuna za su fita tare da ita, sai ka ga soket na gwaji a baya. A wasu wuraren ɗan ƙaramin akwati ne kawai inda wayar waje ta haɗu da ta ciki a kan sukuru biyu. A irin wannan, ka ɗauki hoto da salula, ka kwance wayoyin cikin gida kaɗai, ka jona wani soket na wucin gadi a wurinsu. In akwatin na da hatimin kamfani ko kulle, ba naka ba ne, kada ka ɓalle shi. Wayar da ta gangara ta shiga ƙasa daga akwatin ma ka bar ta yadda take, ita ce kariyarka daga tsawa.

Jona tarhonka na gwaji a nan. Ka ɗan jira minti ɗaya ko biyu, domin idan layi ya daɗe a haɗe, cibiya kan jingine shi, ba ya dawowa nan take. Sannan ka ɗaga.

Idan a nan ma shiru ne, ko ƙarar na nan yadda take, to matsalar ta kamfani ce. Mayar da komai yadda ka same shi, ka kira su, ka faɗa musu ƙarara cewa ka gwada a soket na gwaji da tarho mai lafiya, gidan a ware, matsalar ba ta tafi ba. Wannan maganar na rage ja-in-ja, tana kuma kare ka daga cajin da kamfanoni da yawa ke yi idan ma'aikacinsu ya zo ya tarar laifin na cikin gida ne. Idan kuwa amon layi ya fito tas, ka yi kira ka ji murya garau, to ɓarawon na cikin gida, kuma daga nan aikin naka ne.

Wata dabara da za ta yi maka amfani tun daga nan har ƙarshe: amon layi na rufe ƙananan ƙararraki. Danna lamba ɗaya kawai, amon zai ɗauke, ka samu 'yan daƙiƙu na shiru da za ka saurari layin tsirararsa. Lafiyayyen layi shiru yake kamar ɗaki a rufe.

Mataki na uku: zare komai

Mayar da haɗin gidan. Yanzu bi ɗaki-ɗaki ka zare duk abin da ke jone da soket na tarho. Duka nake nufi: tarho marar igiya da gindinsa, na'urar amsa kira, fakis, modem, wato akwatin da ke jona gida da intanet, filtar da ke raba murya da intanet, abin raba soket gida biyu, doguwar igiyar ƙari da aka bi da ita ƙarƙashin kafet, har da akwatin talabijin na tauraron ɗan'adam da wani ya jona shekarun baya aka manta. A bayan kabad da bayan gado ake samun irin waɗannan. Na'urar ƙararrawar tsaro ta gida tana da nata hali, domin akan jona ta ne ta yadda layi zai fara bi ta cikinta kafin ya isa sauran gidan, don ta iya ƙwace shi idan ta so yin kira. In ta lalace, tana iya kashe layin gidan baki ɗaya. In kana da irinta, sanar da masu kula da ita kafin ka taɓa.

Da ka zare komai, jona tarhon gwaji a soket ɗaya. Layi ya dawo? To wayoyin bango ba su da laifi. Riƙa mayar da na'urorin ɗaya-ɗaya, kana ɗagawa kana saurare bayan kowace. Wadda ka mayar matsala ta dawo, ita ce. Amma kafin ka jefar da ita, canja mata igiya ka sake gwadawa, don sau da yawa igiyar ce ta karye daga ciki, musamman a wuyan fulogi inda take lanƙwashewa. Haka nannaɗaɗɗiyar igiyar kan tarho: in kana motsa ta kana jin ƙaraf-ƙaraf, ka gama bincike.

Akwai kuma matsalar yawa. Kowace na'ura na jan wani kaso na wutar ƙararrawa, kuma akan rubuta wannan kason a ƙarƙashinta da haruffan REN. Jimillar da layi ke ɗauka 5 ce a Amurka, 4 a Biritaniya. In an wuce haka, za ka iya kira lafiya, amma idan aka kira ka ƙararrawa ta yi rauni ko ta ƙi kaɗawa sam. Tsofaffin tarho masu ƙararrawar ƙarfe su suka fi ci.

Mataki na huɗu: bi soket-soket

In ka zare komai matsala ba ta gusa ba, ta tabbata a wayoyi ko soket take. Ɗauki takarda ka zana gidan, ka bi kowane soket da tarhon gwaji, ka rubuta abin da ka ji. Zanen nan zai nuna maka yadda aka ja wayoyin. Iri biyu ne. Akwai na sarƙa, inda waya ke tashi daga iyaka ta shiga soket na farko, ta fita zuwa na biyu, ta wuce na uku. Akwai kuma wanda kowane soket ke da tasa wayar daga wuri guda, kamar rassa daga kututture. Gidaje da yawa gauraye ne, don kowane mai gyara ya zo da nasa ra'ayin.

Yankewa na da sauƙin kamawa. In soket ɗaya ne ya mutu, laifin na cikinsa ko a wayar da ta zo masa. In biyu na farko na aiki, na uku da na huɗu sun mutu, sarƙa ce ta tsinke tsakanin na biyu da na uku, kuma ka fara buɗe na biyun, mai aikin, domin sau tari wayar da ke fita daga cikinsa ce ta zame. Haɗewa kuwa ba ta da wannan kirkin. A duk inda wayoyin biyu suka taɓa juna, gidan duka ke mutuwa, ko ƙara ta cika ko'ina. A nan ne rabawa biyu ke aiki. In tsarin rassa ne, je mahaɗarsu ka cire reshe ɗaya, ka gwada, ka mayar, ka cire na gaba, har ka cire wanda layi zai dawo. In sarƙa ce, je soket na tsakiya ka cire wayar da ke wucewa gaba. Layi ya dawo, laifin na gaba. Bai dawo ba, yana baya. Ko soket takwas ne, yanka uku ya isa ya kai ka kansa.

Ka tuna da raba gidan da layi duk lokacin da za ka kwance, ka mayar idan za ka saurara.

Idan ka buɗe soket, haska tocila ka duba a tsanake. Fara da bakinsa, inda fulogi ke shiga. 'Yan siraran haƙoran nan masu ruwan zinare ya kamata su tsaya a jere, kowane a layinsa, suna ƙyalli. In ɗaya ya lanƙwashe ya hau kan ɗan'uwansa, ga haɗewarka nan. In ka ga wani gari-gari mai launin kore ko baƙi-baƙi a kansu, laima ta ci su. Na taɓa buɗe wani soket a bangon da ke jingine da banɗaki, daga waje fari tas ba abin zargi, amma a ciki sukurorin biyu sun yi kore shar, wani siririn zare na tsatsa ya miƙe daga wannan zuwa wancan a kan robar. Wannan zaren da bai kai kaurin gashi ba shi ke katse kira duk ranar da aka yi ruwa. Irin wannan soket ba a wanke shi, canja shi ake yi, a yanke bakin wayar da ya yi baƙi har sai an kai inda jan ƙarfe ke sheƙi. Kuma in ba a magance inda laimar ke fitowa ba, za a sake dawowa.

Sai ka juya bayansa. Ja kowace waya a hankali da filaya. Wadda ta karye a cikin rigarta ko ta yi sako-sako za ta biyo ka. Duba ko wani tsiraran baki ya yi tsawo har yana taɓa maƙwabcinsa, ko sukurun murfi ya huda waya sa'ad da aka ɗaure.

Launuka

A tsohon tsarin Amurka wayoyi huɗu ne: kore da ja su ne layi na ɗaya, baƙi da rawaya layi na biyu. A sabuwar waya mai murɗaɗɗun tagwaye, layi na ɗaya shi ne shuɗi da abokinsa fari mai ratsin shuɗi, na biyu kuma ruwan lemo da fari mai ratsin ruwan lemo. In za ka haɗa tsoho da sabo, fari mai ratsin shuɗi na zuwa wurin kore, shuɗi na zuwa wurin ja. A ƙaramin fulogin nan da ake kira RJ11, haƙora biyu na tsakiya su ke ɗauke da layi na ɗaya. A soket irin na Biritaniya layin na kan lamba 2 da 5, lamba 3 kuma ta ƙararrawa ce, wadda yawancin tarho na zamani ba sa bukata, kuma an san ta da kwaso hayaniya tana rage gudun intanet.

Juya wayoyin biyu, wato kore a wurin ja, bai cika damun tarho na yanzu ba, ko da yake wasu tsofaffin masu maɓalli kan ƙi fitar da sautin lamba in an juya musu. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne raba tagwaye: a ɗauki ɗaya daga shuɗi, ɗaya daga ruwan lemo, a yi layi da su. Zai yi aiki, amon layi zai zo, shi ya sa mai yin sa ba ya gane ya yi ɓarna. Amma murɗin nan ba ado ba ne. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar, kuma hikimarta ita ce duk hayaniyar da ta faɗo daga waje ta faɗa kan wayoyin biyu daidai wa daida, sai ta kashe kanta. Da ka raba su, kariyar ta tafi, sai ƙugi, sai jin hirar layi na biyu a cikin naka.

Mataki na biyar: sa mita ta yi magana

Kunne na kai ka unguwar, mita ce ke nuna maka ƙofar gidan. Sa ta a ma'aunin bolt na wutar batir, a kan 200 in mai zaɓi ce, ka auna tsakanin wayoyin biyu layi na jone, duk tarho a ajiye. Kusan 48 zuwa 52 lafiya ke nan. In a kan iyaka ka samu haka gidan a ware, amma da ka mayar da gidan ya faɗi, wani abu a ciki na shan wuta. Sifili a soket alhali iyaka na da wuta, ko yankewa ko cikakkiyar haɗewa.

Don bambance su, ware gidan daga layi, ka zare duk na'urori, sannan ka juya mita zuwa ma'aunin om, wanda ke nuna yadda hanya ke tare wa wuta wucewa. Kada ka taɓa auna om a layi mai wuta, karatun ƙarya za ka samu, kana iya ƙona mitar ma. Auna tsakanin wayoyin biyu. Ya kamata mita ta nuna babu hanya sam. In ta nuna 'yan om kaɗan, sun haɗe ƙarfe da ƙarfe. In ta nuna dubbai ko ɗaruruwan dubbai, lambar kuma na yawo, laima ce ko tsatsa. Sai ka auna kowace waya ita kaɗai da ƙasa, wato wani ƙarfe da ka san ya shiga ƙasa. Nan ma bai kamata a samu hanya ba. In an samu, ka gano tushen ƙugin nan mai kauri da ba ya ɗaukewa, domin layin da ɗaya ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya rasa daidaito, sai ya riƙa kwaso amon wutar gida mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa.

Yankewa kuwa ga yadda ake kama ta: a can kan iyaka, ɓangaren gida, murɗe bakin wayoyin biyu wuri guda da gangan. Koma soket ka auna om. Lafiyayyar waya irin ta gida ba ta wuce kamar om 17 a kowace mita 100 zuwa da dawowa, saboda haka a gida madaidaici 'yan om kaɗan za ka gani. Soket ɗin da ya nuna babu hanya, tsakaninsa da na ƙarshe mai kyau yankewar take. Kada ka manta ka warware murɗin nan idan ka gama.

Inda waya ke jin ciwo

Da ka san tsakanin ina da ina ne, bi wayar da ido da yatsa. Wuraren da aka saba samun rauni sanannu ne: ƙarƙashin kafet inda ake takawa, bakin ƙofa da taga inda ake matse ta, cikin silin inda ɓera ke gwada haƙori, bangon waje inda rana ta busar da roba ta tsattsage, da duk inda aka buga ƙusa ko aka huda bango kwanan nan. Tambayi mutanen gida abin da aka yi a ranar da matsalar ta fara. An rataya hoto? An matsar da kabad? An yi fenti? Amsar na iya rage maka wuni guda. 'Yan ƙusoshin da ake kama waya da su a jikin katako ma ka dube su ɗaya-ɗaya, wanda aka buga da ƙarfi ya nutse cikin roba shi ne abin zargi.

In ƙugi ne kuma mita ba ta nuna taɓa ƙasa ba, duba ko wayar ta yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, ko ta bi ta kan doguwar fitila ko kusa da injin firji. Kashe abubuwan nan ɗaya-ɗaya kana saurare. Maganin shi ne tazara, kamar santimita 15 ko fiye, in kuma dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa. Wani lokaci har tashar rediyo za ka ji a cikin tarho. Mahaɗa mai tsatsa na iya jawo haka, don haka ka fara da gyara mahaɗai kafin ka nemi filta.

Gyaran kansa

A soket mai sukuru, fere kamar santimita ɗaya da rabi, ka kula kada ka yi wa ƙarfen tsaga, don a nan zai karye bayan 'yan watanni. Lanƙwasa bakin kamar ƙugiya, ka zagaya shi ta inda sukuru ke ɗaurewa, wato yadda hannun agogo ke tafiya, domin ɗaurin ya ja shi ciki maimakon ya tofar da shi. Ɗaure ya kama, ban da murƙushewa. A soket mai 'yan tsagogin ƙarfe kuwa ba a fere waya, da rigarta ake cusa ta, tsagar ce ke yanka robar ta kama ƙarfen. Akwai ɗan abin cusawa da aka yi domin haka. Kada ka sa bakin sukundireba, zai buɗe tsagar ta daina kamu har abada.

In waya ta yanke a tsakiya, murɗawa da hannu a naɗe da tef gyaran kwana kaɗan ne, shi ne ƙaraf-ƙaraf ɗin baɗi. Akwai 'yan mahaɗai kamar maɓallin riga, cike da man da ke hana ruwa shiga: ka zura wayoyin biyu ba tare da ferewa ba, ka matse da filaya. Su nake so a yi amfani da su, musamman a waje ko wuri mai laima.

In kuwa raunin na cikin bango inda hannu ba ya kaiwa, kada ka yi saurin fasa gini. Galibin wayoyin tarho na da tagwayen da ba a amfani da su, suna nan a naɗe a bayan soket. Auna su da mita kamar yadda ka auna na farko, in lafiyarsu ƙalau, mayar da layin kansu, baƙi da rawaya ko ruwan lemo da abokinsa, a duka bakin biyu. Tagwayen duka za ka canja, ba ƙafa ɗaya ba. Rubuta abin da ka yi a 'yar takarda ka bar ta cikin soket saboda wanda zai buɗe bayanka. In ƙusa ko ɓera ya ci har da na ajiyar, sai jan sabuwa, kuma ka ja mai murɗaɗɗun tagwaye, irin ta haɗa kwamfuta, kai tsaye daga mahaɗa. Reshen da ba mai amfani da shi kuwa, cire shi daga mahaɗa ka huta.

Idan layin na ɗauke da intanet

A layin da ake kira DSL, murya da intanet waya ɗaya suke bi. Murya na ƙasa, ba ta wuce bugu 4,000 a daƙiƙa ba, intanet kuma na can sama. Filta ce ke raba su, kuma kowace na'urar murya sai da tata, in ba a sa babbar filta guda a bakin shigowa ba. Alamar rashinta ko lalacewarta ita ce shuuu mai kaifi a tarho wanda ke ɗaukewa da ka kashe modem, ko intanet ya riƙa yankewa duk lokacin da kira ya shigo. Intanet ya fi murya saurin jin ciwo, mahaɗar da kunne bai ji laifinta ba tana iya rage masa gudu sosai. Jona modem a soket na gwaji ka kwatanta gudunsa da na inda yake zaune, bambancin zai gaya maka halin da wayoyin gidanka ke ciki.

Gidaje da yawa yanzu tarhonsu ba daga tsohuwar cibiya yake zuwa ba, daga bayan rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, ko akwatin faiba yake fitowa. A irin wannan gida, ramin jona tarho da ke bayan akwatin shi ne iyakarka, a nan za ka fara jona tarhon gwaji. In shiru, duba fitilun akwatin, ka kashe shi ka kunna, domin layin nan da wutar gida yake rayuwa, in ta ɗauke ya tafi sai in akwai batir. In kuma kana so ka ciyar da tsofaffin soket ɗin gidan daga wannan akwatin, lallai ka fara cire wayar kamfani ta dā daga kan iyaka, ko da kana ganin ta mutu. Tana iya kasancewa da sauran wuta a kanta, kuma in wutar nan ta haɗu da ta akwatin, ramin tarhon na iya ƙonewa. Naɗe bakin da ka cire, ka liƙa masa takarda mai cewa kada a mayar.

Bayan kowane gyara, mayar da haɗin iyaka, ka danna lamba ɗaya ka saurari shirun, ka kira waje, sannan ka kira gidan da salula ka bar shi ya yi ƙara sau huɗu ko biyar a kowane soket. In matsalar mai zuwa da ruwan sama ce, kada ka ɗaure murfin da ƙarfi tukuna, jira a yi ruwa na gaba ka sake ɗaga tarhon ka ji.